Littafi, Zane da Itace a Harabar Gida Ɗaya: Gidan Adana da Ya Dace da Ƙasar Rogo da Karaye

Laccar da aka gabatar a gaban iyayen ƙasa, malamai da ɗalibai a Ruwan Bago, ƙaramar hukumar Rogo

   

Maganar da na zo da ita yau a kan wani irin gida ce da ake samu a wasu ƙasashe, wanda ke tara abu uku a haraba ɗaya: ɗakin karatu mai ajiye littattafai da tsofaffin rubuce-rubuce, zauren adana kayan fasaha, da lambun da ake rainon itatuwa da tsirrai don nazari. Da jin haka wani zai ce wannan ai harkar manyan birane ce da masu hannu da shuni. Ni kuwa abin da nake son tabbatarwa shi ne, a ƙasar Hausa waɗannan abubuwa uku ba su taɓa rabuwa ba, kuma mu mutanen karkara mun fi kowa cancantar mu haɗa su, domin a hannunmu ragowarsu take.

Abin da ya haɗa su

Ku ɗauki Alƙur'ani rubutun hannu, irin wanda alarammomi suka bari a gidajenmu. Alƙalamin da aka rubuta shi da shi daga gamba ko karan dawa aka feƙe shi. Tawadar takarda, wadda ba ta wankuwa, da 'ya'yan bagaruwa da kashin maƙera ake dafa ta, a sa mata ƙaro don ta kama. Allon da alaramman ya yi hadda a kansa tun yana ƙolo, galibi da itacen aduwa ake sassaƙa shi. Gafakar da aka adana littafin, majemi ya jeme fatarta da bagaruwa, sannan baduku ya yi mata ado. Zayyanar da ke raba hizifi da hizifi kuwa aikin gwanin zane ne. Ita kanta takardar, idan kuka ɗaga wata daga cikin tsofaffin zuwa haske, za ku ga tambarin jinjirin wata uku: takardar Italiya ce da ayari ya ƙetaro Sahara da ita. A littafi guda, ga ilimi, ga fasaha, ga daji, ga kuma tarihin fatauci.

Haka abin yake a sauran kayanmu. Shuɗin marinar Ƙofar Mata daga baba yake fitowa, kuma wannan baƙin rini ne matafiyi Heinrich Barth ya tarar a 1851 ana fataucinsa daga Kano har Tambutu. Rigar tsamiya daga saƙar wata tsutsa ake samun zarenta. Makubar da ke kare katangar soro daga ruwan sama daga ɓawon ɗorawa ake yin ta, itacen da 'ya'yansa ke ba mu kalwar daddawa. Turmi mai ƙarko da gawayin maƙera daga ƙirya suke. Ta ɓangaren rubutu kuma, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello bai tsaya ga fiƙihu da tarihi ba, ya yi wallafe-wallafe a kan magunguna, har da na basir da na ciwon ido. Wanda zai karanta irin waɗannan littattafai ya gane su, dole ya san itacen da ake nufi idan ya gan shi a tsaye. Saboda haka duk ranar da itace ya ƙare a daji, wata sana'a ta kama hanyar mutuwa, wani shafi na littafi kuma ya rasa mai fassara shi.

Inda aka gwada aka ga amfani

Mafi shahara a irin waɗannan gidaje shi ne na Huntington a jihar Kalifoniya ta Amurka. Wani attajirin jiragen ƙasa, Henry Huntington, da matarsa Arabella suka kafa shi a 1919, aka buɗe wa jama'a a 1928, bayan rasuwarsu. Ɗakin karatunsa yana da miliyoyin takardu da littattafai, ciki har da ɗaya daga cikin littattafan farko da Gutenberg ya buga da injin ɗab'i a wajajen 1455. Gidan da suka zauna ya zama zauren zane-zane, gonarsu kuma ta zama lambuna masu faɗin fiye da eka ɗari, wani na tsirran hamada, wani na Japan, wani na Sin. Manazarta na zuwa daga ƙasashe su yi watanni suna bincike, 'yan makaranta kuma ana kawo su aji-aji. Darasin da ya shafe mu a nan guda ne: mai gidan bai bar wa magada su raba ba. Ya rubuta takardar amana, ya naɗa masu kula, ya ware dukiyar da za ta riƙa ciyar da wurin. Wannan shi ne wakafi, kuma addininmu ya riga ya koya mana shi.

Misalin da ya fi kusa da zuciyata yana Yamai. Gidan tarihin ƙasa na Nijar, wanda aka buɗe a 1959 kuma yau yake ɗauke da sunan Boubou Hama, fili ne mai kadada 24 a tsakiyar birni. An gina zaurukansa da salon ginin Hausa, a ciki akwai tufafin al'ummun Nijar, kayan kiɗa, makamai, da ƙasusuwan manyan dabbobin da suka shuɗe waɗanda aka tono a hamadar Agadas. Akwai namun daji a harabar, akwai inuwar itatuwa, har da gangar jikin itacen nan ɗaya tilo na Tenere da mota ta kayar a 1973. Abin da ya fi burge ni shi ne rumfunan masu sana'a: maƙeran farfaru, dukawa da masaƙa suna zaune suna aiki a idon baƙi, suna sayarwa, suna koyar da yara. Shi Boubou Hama, wanda ya shugabanci majalisar dokokin ƙasar daga 1958 zuwa 1974, shi ne kuma ya dage wajen tara rubuce-rubucen Larabci da ajami da yanzu ke ajiye a cibiyar bincike ta Jami'ar Yamai. Ya gane cewa kayan da aka kulle a gilashi kaɗai ba sa raya al'ada, sai an bar mai yin su ya ci abinci da hannunsa.

A Nijeriya ma muna da rassan wannan tunani, sai dai a warwatse. Gidan tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa a 1952, ya haɗa sassaƙen Nok da tukwane da rubuce-rubucen Larabci, ga gidan namun daji a gefe, ga kwaikwayon ganuwar Kano da masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani ya gina. Arewa House a Kaduna, gidan Sardauna da Farfesa Abdullahi Smith ya mayar cibiyar bincike a 1970, ya haɗa ɗakin karatu da ma'adanar takardu da zauren tarihi. A Kano akwai Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa. A Sakkwato akwai ma'adanar tarihi mai sunan Waziri Junaidu. Amma ku lura da abu biyu. Dukkansu a manyan birane suke, sannan itace shi ne ɗan bora a yawancinsu: yana nan don inuwa, babu mai rubuta sunansa ko amfaninsa.

Abin da muke hasara

A 1916 wani likitan Turawan mulki, J. M. Dalziel, ya buga littafin sunayen tsirrai da Hausa, a 1937 kuma ya fitar da babban kundinsa a kan tsirrai masu amfani na Afirka ta Yamma. Wa ya koya masa? Maharba, wanzamai, ungozomomi da makiyaya, irin kakannin waɗanda ke zaune a wannan fili. Yau jikokinsu na iya gama sakandare ba su bambance marke da ƙirya ba. Masu gawayi da masu zarton inji suna bin manyan itatuwa ɗaya bayan ɗaya, gonaki na cinye saura, kuma ko ayyukan alheri irin madatsar ruwan Challawa da aka kammala a ƙasar Karaye a 1992 sun sauya fuskar fadamu da kurmi.

A cikin gida kuwa gara da ɓera da yoyon damina suna cin littattafan kakanni. Mafi muni shi ne rabon gado, inda ake yayyaga littafi guda a ba kowa 'yan shafuka don tabarruki, ya tashi daga littafi ya koma tarkace. Tsofaffin riguna masu aska takwas, zanen saƙi, ƙoren da aka yi wa zane da wuta, linzami da sirdi, dillalai na zagayawa suna saye a wulaƙance. Kowace tsohuwa da ta rasu da sanin sassaƙen da ake ba mai jego, ta tafi da abin da babu shi a kowace jami'a.

Yadda za mu fara a nan

Ƙasarmu tana inda Kano ta haɗa iyaka da Katsina da Kaduna, damina ta fi ta arewacin jiha albarka, kuma har yanzu akwai sauran itatuwa da sauran masana. Ga abin da nake ba da shawara, kuma babu wanda ya fi ƙarfinmu.

Na farko, fili. A samu ko da eka biyu, kusa da makaranta, a yi takardar wakafi a gaban hakimi da limamai da hukuma, yadda babu mai iya yanka shi filoti gobe. A kewaye shi tun kafin a dasa komai, domin awaki ba su san doka ba.

Na biyu, lambu. A fara da namu na gida: kuka, ɗorawa, kaɗanya, tsamiya, gawo, marke, ƙirya, aduwa, bagaruwa, kanya, ɗinya, magarya, giginya, sannan kwamin baba da lalle da audugar gargajiya. Kowane itace a rataya masa allo mai sunansa da boko da ajami da Fulatanci da sunan kimiyya, da amfaninsa. Ba lallai sai an sayi dashe ba. Manoman Maradi tun shekarun 1980 suka rungumi sassabin zamani, wato barin tohon kututture ya girma ana yi masa aski, kuma da wannan dabara aka farfaɗo da itatuwa a miliyoyin kadada a kudancin Nijar. A ware kuma rumbun iri, a adana tsofaffin nau'o'in dawa da gero da wake kafin su ɓace.

Na uku, ɗakin karatu. Kada a ce wa kowa ya sallama littafin kakansa. A roƙi izini a je gida, a karkaɗe ƙura da buroshi mai laushi, a ɗauki hoton kowane shafi, a rubuta sunan littafin da marubucinsa da gidan da yake, a mayar wa mai shi a cikin akwati mai tsabta nesa da ƙasa. Kada a lika salatif, kada a rufe shi da ledar zafi, domin duka biyun kashe takarda suke yi. Abin da ya faru a Tambutu a 2013, lokacin da aka ƙone dubban rubuce-rubuce amma mafi yawa suka tsira saboda iyalai sun ɓoye su, ya isa nuna cewa kwafi biyu ya fi ɗaya. Babban ɗakin karatu na Birtaniya yana da shiri tun 2004 na tallafa wa irin wannan ɗaukar hoto, tare da sharaɗin asalin takardu su zauna a ƙasarsu. A gefe kuma a zuba littattafan Hausa da na makaranta da yaro zai ara ya je gida da su.

Na huɗu, zauren fasaha da rumfar masu sana'a. A karɓi kaya aro, da rasit, da sunan gidan da ya bayar a rubuce a jikinsu. Ranar kasuwa maƙeri ya hura zugazugi, mai tukwane ta yi gini, masaƙi ya kafa masaƙarsa, mai zayyana ya koya wa almajirai. Abin da aka sayar a cire wani kaso don albashin mai gadi da mai ban ruwa.

Na biyar, murya. Ɗalibanmu na sakandare da na jami'a su ɗauki waya su zauna gaban tsofaffi, maza wurin maza, mata wurin mata, su naɗi tarihin kafuwar unguwanni, waƙoƙin daɓe da na niƙa, da sanin magunguna. Sashen ilimin tsirrai na jami'o'inmu na Kano da Zariya su taimaka wajen tantance sunaye, su kuma faɗakar da mu a kan abin da ke da guba.

Kammalawa

Iyayena da 'yan'uwana, na san talauci gaskiya ne, kuma mai neman na cefane ba ya jin kira sai na ciki. Amma wannan aiki ba kishiyar neman abinci ba ne. Kaɗanya da ɗorawa kuɗi ne a hannun mata, sana'ar da ta rayu aiki ce ga matasa, yaron da ya saba da littafi kuma jari ne ga gari baki ɗaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: iyayen ƙasa su ba da fili da kariya, malamai su buɗe akwatunansu, attajiranmu da ke Kano da Kaduna da Legas su ɗauki nauyin gini da rijiya, matasa su ba da ƙarfi. Malamai sun karantar da mu cewa ilimi mai amfani da shukar da mutum ko dabba za su ci suna cikin ayyukan da ladansu ba ya yankewa. Ina roƙon kada mu watse yau sai an zaɓi kwamitin mutane amintattu, maza da mata, an ba su wa'adin nemo fili kafin faɗuwar damina mai zuwa.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya ba mu ikon riƙe amanar da suka bar mana.