Kyamarar da ke gani da dare: kada megafiksel ya ruɗe ka

Shirinmu na yau daga nan unguwarmu Ƙofar Dawanau yake zuwa muku, kuma zancen kyamara za mu yi. Na san wani zai ce mu da muka saba maganar kwata da shara da fitilun titi, me ya kai mu kyamara? To ku saurara.

A daminar da ta wuce an yi wani ruwa bayan sallar isha'i. Kwatar layinmu ta toshe, ruwa ya shiga gidaje, katangar wani maƙwabcinmu ta zube, ga shi an ɗauke wuta. Na fito da wayata mai megafiksel 108, na ɗauki bidiyo kusan minti goma. Da muka kai koke wani ofishi, jami'in ya kalla, ya ce, "Malam, ni baƙi kawai nake gani, ina ruwan?" Wallahi ban ga laifinsa ba. Kafin gari ya waye ruwan ya janye, hujjarmu ta bi shi. Tun ranar na zauna na koyi abin da zan faɗa muku.

Abu na farko shi ne sensa, wato ɗan farantin da ke cikin kyamara wanda haske ke sauka a kansa. Ka ɗauka ana yayyafi, wani ya tara kofi, wani ya tara baho. Wa zai fi samun ruwa? To haske da dare yayyafi ne. Babbar sensa ta kyamarorin ƙwararru milimita 36 ce a 24. Mai bi mata, wadda ake kira APS-C, kusan 23 ce a 15. Ta yawancin wayoyinmu kuwa ko farcen ɗan yatsa ba ta kai ba. Shi megafiksel yawan ɗigon hoton kawai yake faɗa maka. Sony A7S III da ta fito a 2020, wadda masu bidiyon dare ke ji da ita, megafiksel 12 ne kacal gare ta. Ita ma wayar mai 108, haɗa ɗigo tara take yi ya zama ɗaya, ta ba ka hoto mai 12.

Na biyu, ƙofar haske da ke cikin lensi. Mu 'yan bakin ganuwa mun san zancen: duk faɗin ƙofa, duk yawan abin da zai shige. A jikin lensi za ka ga harafin f da lamba, kuma a nan mutane ke rikicewa, domin ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Lensin da ake haɗo maka da kyamara yawanci f/3.5 ne zuwa f/5.6. Lensi mai f/1.8 yana shigar da haske kusan ninki huɗu na f/3.5, kusan ninki goma na f/5.6. Ka ji fa, ninki goma! Shi ya sa nake cewa in kuɗinka ba yawa, sayi kyamara ta hannu mai APS-C, irin su Sony a6400 ko wata tsohuwar Canon, ka ɗora mata lensi mai f/1.8. Ta fi sabuwa dal mai lensin kwali amfani da dare.

Na uku, ISO. Wannan kamar ƙara murya ne a rediyon da tasharta ba ta kama sosai ba: maganar za ta ƙaru, shuuu ɗin ma zai ƙaru. A hoto shi ne wannan yashi-yashin da kake gani. Kada ka damu da babbar lambar da aka rubuta a kwali. Ka sa ta a 3200 ko 6400, ka ɗauki fuskar mutum, ka gani ko za ka gane shi.

Ga wani abu da ba a cika faɗa ba. Wutar lantarkinmu a Najeriya bugu 50 take yi a daƙiƙa. In za ka yi bidiyo a ƙarƙashin ƙwan lantarki, saita hoto 25 a daƙiƙa, saurin ƙiftawar kyamara kuma 1/50. In ka bar ta a 30 irin na Amurka, sai ka ga hasken yana rawa.

Wanda ba shi da halin kyamara fa? Wayarka ma za ta yi, in ka san iyakarta. Tsarin dare da ke cikin waya hotuna da yawa yake ɗauka ya haɗe su, don haka sai abin da ke tsaye yake kamawa da kyau. Katanga da ta faɗi, eh. Yara masu tashe suna tsalle, a'a. Ka jingina wayar da bango ko ka samu sanda mai ƙafa uku, ka goge gilashin, ka bar zuƙo hoto da yatsa, ka matsa kusa da ƙafarka. Ƙaramar fitila mai caji ma tana gyara abin da babban kuɗi bai gyara ba.

In ka je saye, ko Farm Centre ko Titin Beirut ko wajen wani mai ɗaukar biki da zai sayar da tasa, kada ka gwada a rana. Ka ce a shiga ciki a kashe fitila. Ka haska lensin da tocila ka duba ƙura da fumfuna, ka ɗauki farin bango ka ga ko ƙurar hunturu ta zauna a sensa, ka tambayi batir nawa za a ba ka.

Sai jan kunne. Kun san halin da ake ciki na ƙwacen waya, kada ka fita ɗauka da dare kai kaɗai. Kuma kyamarar da ke gani a duhu amana ce: kada ka ɗauki cikin gidan mutane ko fuskar wanda masifa ta samu sai da izininsa.

Mu dai yanzu matasan layinmu karo-karo muke yi mu sayi guda ɗaya ta hannu kafin damina ta dawo. Ku ma ku gwada a unguwarku. Wanda ya taɓa sayen ta hannu, ya faɗa mana yadda ta kaya. Sai mun haɗu a shiri na gaba, Allah ya tsare mu.