Ƙwallo A Hannun Maƙiyi: Jawabi A Taron Tsofaffin Ɗalibai

Zan yi magana ne a kan finafinai biyu da suka haɗa ƙwallon ƙafa da zaman fursuna.

Na farko shi ne "Two Half-Times in Hell", wanda Zoltan Fabri na ƙasar Hangari ya shirya a 1961. Labarin wasu 'yan Hangari ne da aka tilasta wa aikin ƙarfi a Yukren lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Sojojin Jamus suka ce a kara da su don murnar ranar haihuwar Hitler. Fursunonin suka yi yunƙurin gudu, aka kamo su, aka ce duk da haka sai sun buga. Da suka sha gaban Jamusawa, sai aka buɗe masu wuta a cikin filin.

Na biyu shi ne "Escape to Victory" na John Huston, 1981, wanda Pele da Bobby Moore da Sylvester Stallone suka fito a ciki. An tafi hutun rabin lokaci ana cin fursunoni 4-1, ga ramin gudu an haƙa masu, amma suka zaɓi komawa fili. Aka tashi kunnen doki, 4-4, 'yan kallo suka cika filin, fursunonin suka sulale a cikinsu.

Akan danganta labarin da wasan da aka yi a Kiev ranar 9 ga Agusta, 1942, inda ƙungiyar Start ta ci sojojin Jamus 5-3. Ba a harbi kowa a filin ba, amma an kama 'yan wasan daga baya, wasu daga cikinsu suka mutu a hannun 'yan Nazi.

Jama'a, filin nan misali ne na duk inda mai ƙarfi ya riƙe ƙwallo da alƙali da bindiga. An shirya wasan ne don a wulaƙanta fursuna, shi kuwa ya ƙi faɗuwa da gangan ko da hakan zai jawo masa mutuwa. Yawancinmu muna aiki a ƙarƙashin wani, kuma wata rana za a ce mu sa hannu a kan abin da muka san ba daidai ba ne. Malamanmu da ke zaune a nan sun riga sun koya mana amsar tun muna aji ɗaya.