Jawabi Ga Samarin Sabo Kan Sana'ar Farko



Wani yarona ya ce zai buɗe shafi a intanet, Google ya riƙa turo masa masu saye. Na ce to madalla, me za ka sayar? Sai ya yi shiru. Ni da goron Shagamu na fara, domin na san mai ba ni bashi, na san mai karɓa a Kano. Ku nemi wannan tukuna.

Batun Google kuwa, tun 2024 yana ba da amsa da kansa a saman shafi, mutum ya karanta ya wuce bai leƙa naka ba. Amma sa shago da lambar waya a taswirarsu, wannan kam har yanzu yana kawo ciniki. Albasata ta Bodija ma yawanci ta WhatsApp ake tambayarta.