Burodi da ciwon sukari

Jawabi ga ɗaliban yaƙi da jahilci na Icirnawa

 

Yau zancenmu a kan ciwon sukari ne. Da can ana cewa ciwon masu kuɗi ne, na mutanen birni. Yanzu ya shigo ƙauye. Hukumar lafiya ta duniya ta ce a shekarar 1990 mutum miliyan 200 ke da shi. A 2022 sun kai miliyan 830.

Yadda ciwon yake

Tuwo, fura, shinkafa, rogo, burodi, duk in sun isa ciki sai su narke su zama sukari. Sukarin ya shiga jini. Jiki yana yin wani ruwa, sunansa insulin. Shi ke buɗe wa sukari ƙofa, ya bar jini, ya shiga tsoka, ya zama ƙarfi. Ga mai ciwon sukari, insulin ya yi kaɗan, ko kuwa ba ya aiki sosai. Sai sukari ya taru a jini bayan cin abinci, kamar ruwan da ya rasa magudana. In aka daɗe a haka, yana ɓata ido, da ƙoda, da zuciya. Miki a ƙafa ya ƙi warkewa.

Burodi yana ruɗin mutane

Ƙasarmu ta Matamai ƙasar rake ce. Kowa ya san rake da zaƙi, mai ciwon yana gudunsa. Amma da safe sai ya zauna wurin mai shayi, ya ci rabin dogon burodi. Yana ganin ba komi, tun da burodi ba shi da zaƙi.

To, ku gwada wannan. Ku gutsiri burodi, ku yi ta taunawa, kada ku haɗiye. Jim kaɗan za ku ji zaƙi a baki. Yawu ne ya fara mai da shi sukari.

Da farin garin alkama ake yin burodi. An cire masa dusa. Dusar nan kuwa ita ke sa abinci ya narke sannu sannu. Shi ya sa farin burodi ke hau da sukarin jini da sauri. Burodi mai laushi irin na Najeriya kuma, tun wurin kwaɓi ake zuba masa sukari. In aka haɗa da shayi mai sukari da madarar gwangwani mai zaƙi, kaya sun yi wa jaki yawa.

Abin da za a yi

1. A rage. Ba a hana burodi ba, amma a ci ɗan yanki. Wanda ya ci burodi, kada ya bi shi da koko ko fura nan take.

2. Kada a ci shi gaya. A haɗa da ƙwai, ko wake, ko ƙosai, ko ƙuliƙuli. Waɗannan suna rage masa gudu.

3. A fara da ganye. Kwaɗon zogale, ko rama, ko kabeji, ko salati. Ganye ya riga tuwo da burodi shiga ciki.

4. In an je Damagaram an samu burodin da aka yi da alkama duk da dusarta, ya fi fari. Shi ma a ci da awo.

5. Mata, in za a yi tuwon mai ciwon, kada a surfe gero ko dawa ƙwarai. A bar musu ɗan dusa. Tuwo ya zama kamar dunƙulen hannunsa, miya da ganye su yi yawa. Fura kuma ba sukari, ba cika ƙwarya.

6. Shayi ba sukari. Lemun kwalba a bar shi.

7. Bayan cin abinci kada a kwanta. A taka ƙafa minti 10 ko 15. Tsoka mai aiki tana shan sukarin jini.

Awo shi ne shaida

Mutum ba ya sanin yawan sukarinsa da ka. A gidan likita ana ɗiga jinin yatsa a wata ƙaramar na'ura, ta nuna lamba. Ga yawancin masu ciwon, awa 2 bayan fara cin abinci, ana son lambar ta kasa 1,80. Wata na'urar 180 take rubutawa, duk ɗaya ne. Kun koyi rubutu da lissafi. Ku sami littafi, ku rubuta rana, da abin da kuka ci, da lambar. Ku nuna wa likita. Da haka kowa zai gane abincin da ke hau masa da sukari.

Gargaɗi

Gyaran abinci ba ya maye gurbin magani. Kada a bar maganin likita don wani ya kawo sassaƙe. Kada kuma mai shan magani ko mai allura ya tafi gona da yunwa. Sukarinsa na iya faɗuwa. Alamarsa rawar jiki, da gumi, da jiri. In haka ta faru, a ba shi ƙwayar sukari 3 maza maza, sannan ya ci abinci. In ya suma, kada a ɗura masa komi a baki, a kai shi likita.

Wanda ke yawan fitsari, da yawan ƙishirwa, yana ramewa, ya je a auna shi tun da wuri.

Abin da kuka ji yau, ku kai shi gida. A gaya wa mai girki, a gaya wa mai shayi. Allah ya ba mu lafiya.