"Baba works hardly": laifin wa?



Ƙanwata 'yar aji biyar a nan Dawakin Tofa ta rubuta "Baba works hardly", wai yabon ƙoƙarin Baba a gona take yi. Na ce, "Ke! Hardly ai da ƙyar ke nan. Kin mai da Baba rago!"

Laifina ne fa. Ni na ce mata duk bayanau na Turanci da -ly yake ƙarewa.

Sai na koma Hausa. Yaya mai tukwane ke sauke tulu? "A hankali." To, carefully. Yaya motar Dawanau ke gudu? "Da sauri." Fast, babu fastly. Baba kuma, hard.

Ku fara tambayar yaro "yaya?", ƙa'ida ta biyo baya.

Sai mako mai zuwa.