Wa Ke Riƙe da Gurbin? Lacca kan Sakin Ma'ajiyar Zane a Kanel ɗin Linux

  Lokacin da aka ba ni kaɗan ne, don haka kai tsaye zan shiga magana.

Maganar guda ce, kuma na daɗe ina yin ta a wannan sashe. Duk wanda ya ajiye adireshin wani gurbin ajiya a cikin direban zane, to ko dai an ƙirga shi cikin masu riƙe da gurbin, ko kuma akwai rubutacciyar doka da ta faɗi wanda zai share adireshin kafin a saki gurbin. In babu ɗaya daga cikin biyun nan, ɓaraka tana nan, ranar bayyanarta kawai ake jira. Wasu abokan aikina suna cewa wannan batu ya fi ƙarfin ɗaliban digirin farko, a bar shi sai karatun gaba. Ban yarda ba, kuma zan faɗi dalili.

Tarihin kun san shi, ba zan tsaya a kai ba. Keith Packard da Eric Anholt na Intel suka kawo GEM, tsarin kula da ma'ajiyar zane, ya shiga Linux 2.6.28 a ƙarshen 2008. TTM, wani tsarin makamancinsa, ya biyo baya tare da direban radeon a 2009, sannan dma-buf a 2012 don na'urori daban-daban su yi tarayya a gurbi ɗaya. Abin da ya shafe mu shi ne kowane drm_gem_object, wato gurbi a tsarin GEM, yana ɗauke da ƙirge. Mai buƙata ya kira drm_gem_object_get, in ya gama ya kira drm_gem_object_put, ƙirgen na kaiwa sifili a rushe gurbin. A allo, minti biyar ya isa a koyar da wannan.

Wahalar tana wajen sanin su waye masu riƙon. Manhajar da ta nemi gurbin tana riƙe da shi ta lambar da kanel ya ba ta. In ta shimfiɗa shi cikin nata adireshin da mmap, wannan riƙo ne na biyu, kuma yana nan ko da ta rufe lambar farko. In ta miƙa shi ga wata manhaja ko ga kyamara ta hanyar dma-buf, an sami na uku, wanda direban ma bai san ranar da zai saki ba. Allon da ke nuna hoton yana riƙe. Sai wanda aka fi mantawa da shi, wato GPU ɗin kansa. Direba yana tura masa aiki ne ya dawo ba tare da ya jira ba, saboda haka manhaja tana iya mutuwa alhali na'urar tana tsakiyar rubutu a gurbin. Don haka aka yi dma_fence da dma_resv: ba a mayar da shafukan sai alamar kammala aiki ta ɗaga, an cire su daga teburin adireshin GPU, an kuma tabbatar na'urar ta manta da tsohon adireshin. Wanda ya tsallake mataki ɗaya daga ciki ya ba sabon ɗan haya ɗaki ne alhali makulli na hannun tsohon.

Yanzu ga misalin da na fi so, wanda zan daɗe a kansa, domin shi kaɗai ya isa hujja.

Manhaja ta nemi sabon gurbi. Direba ya ƙirƙira shi, ƙirge yana ɗaya. Ya kira drm_gem_handle_create, aka ba gurbin lamba, ƙirge ya zama biyu. Sai direba ya sauke nasa riƙon, tunda lambar ta ɗauki nauyi, ƙirge ya koma ɗaya. Daga nan, a layi na gaba, ya karanta girman gurbin ko wani adireshinsa don ya mayar wa manhaja amsa. Mai rubutun yana ganin babu laifi, domin ai bai riga ya gaya wa manhajar lambar ba, yaya za ta rufe abin da ba ta sani ba?

Ta sani mana. Lambobin nan ƙanana ne, daga ɗaya suke farawa, kuma kanel yana ba da mafi ƙanƙantar da babu kowa a kanta. Manhaja mai mugun nufi ba ta buƙatar a gaya mata. Sai ta buɗe zare na biyu ya yi ta kiran GEM_CLOSE a kan lambar da take hasashe, ba tsayawa. A ɗan tsakanin nan, bayan direba ya sauke riƙonsa kuma kafin ya karanta layi na gaba, rufewar ta shiga, ƙirge ya kai sifili, gurbin ya rushe, direba ya taɓa abin da aka riga aka saki. In maharin ya yi sauri ya cika wurin da nasa bayanan, to kanel bayanan mahari yake karantawa yana zaton nasa ne.

Wannan ba tatsuniyar aji ba ce. A ƙarshen 2022 Rob Clark ya bankaɗo irin wannan rige-rige a direban virtio-gpu da na panfrost, aka gyara. Shekara goma sha huɗu kenan bayan shigowar GEM, a rubutun da ƙwararru suka duba suka amince da shi. Gyaran kuwa ɗan kaɗan ne: ka riƙe naka har sai ka gama taɓa gurbin, kuma ba da lamba ya zama kusan aikin ƙarshe, domin daga lokacin da lambar ta shiga teburi gurbin ya fita daga ikonka kai kaɗai. Ku gaya mini, wane sashe na wannan bayani ne ya fi ƙarfin ɗalibin aji uku? Babu lissafi mai wuya a ciki. Tambaya ce ɗaya a kan kowane layi: a daidai nan, riƙon wa nake dogaro da shi?

Direban Mali na kamfanin Arm ba a kan GEM aka gina shi ba, nasu tsarin ne daban, amma ciwon iri ɗaya ne. A CVE-2022-38181, wanda Man Yue Mo na GitHub Security Lab ya gano, akwai wani nau'in gurbi da direban ke ajiye adireshinsa a cikin jeri. Manhaja tana iya yi wa gurbin alamar cewa ba a buƙatarsa yanzu, sai ta matse ma'ajiyar wayar har kanel ya shiga ƙwato shafuka. Mai ƙwatowar ya rushe gurbin, amma babu wanda aka ɗora wa alhakin share adireshin da ke cikin jerin. Da wannan aka karɓe cikakken iko da wayar Pixel 6 daga manhaja wadda ba ta da wani izini na musamman. Adireshi ba ƙirge, ba doka, daidai abin da na faɗa da farko.

Kuma kada wani ya ce wannan matsalar mutanen waje ce. Yawancin wayoyin Tecno da Infinix da ke aljihunmu guntun MediaTek ne a cikinsu, kuma da yawa daga ciki GPU ɗinsu Mali ne. A Nuwamba 2022 Project Zero na Google ya wallafa cewa kurakurai biyar na Mali da Arm ya gyara a Yuli da Agusta ba su isa wayoyin da suka gwada ba, har da na manyan kamfanoni, kuma uku daga cikin biyar ɗin amfani ne da shafi bayan an sake shi. A Oktoba 2023 Arm da kansa ya sanar cewa akwai alamun ana kai hari da CVE-2023-4211, shi ma taɓa ma'ajiyar da aka saki. Wayar da ake tura kuɗi da ita a kasuwar Kantin Kwari tana cikin wannan lissafi.

Na san amsoshin da ake ba ni. Wasu sun ce a sa babban kwaɗo ɗaya a kan komai a huta. An gwada, sunansa struct_mutex, kuma masu direban i915 sun share shekaru suna fama kafin su raba kansu da shi. Kwaɗo yana hana mutum biyu shiga lokaci guda, bai taɓa faɗin ranar da gurbi zai mutu ba. Wasu sun ce gwaji zai kama. KASAN da syzkaller kayan aiki ne masu daraja, ina amfani da su, amma KASAN abin da CPU ya taɓa yake gani, rubutun da GPU ya yi a shafin da aka saki ba ya ganinsa. Matasanmu kuma sun ce harshen Rust ya gama magana. Ina tare da su rabin hanya. Direban da Asahi Lina ta rubuta wa GPU ɗin Apple ya nuna amfanin harshen, amma da ta zo kan drm_sched a 2023 sai gardama ta tashi, domin dokar wa zai riga wa mutuwa tsakanin mai tsara ayyuka da ayyukansa ba ta fito fili yadda za a damƙa wa na'urar fassara ba. Sai ɗan Adam ya fara sanin dokar kafin harshe ya tilasta ta.

Wani abu da nake yawan gani a ayyukan ɗalibai shi ne ware tsarin drm_device da devm_kzalloc. Wannan yana sakin ma'ajiyar da zarar an cire na'urar, alhali manhaja tana iya riƙe da fayil ɗinta a buɗe. Tun Linux 5.8 akwai ayyukan drmm_ da aka yi don wannan, akwai devm_drm_dev_alloc, kuma tun kafin nan akwai drm_dev_enter da drm_dev_exit. Mai kwafo tsohon misali daga intanet ba zai gan su ba.

Abin da nake nema daga kwamitin manhajar karatu bai canza ba. A shigar da ƙirgen riƙo da rige-rigen zare cikin darasin tsarin aiki na aji uku, da ainihin rubutun kanel, a ba ɗalibai virtio-gpu kafin gyara su nemo ɓarakar da kansu. Duk aikin direba da za a kawo mini, kowane adireshi da ke cikin tsari ya zo da bayani a gefensa: riƙo ne, ko aro ne, in aro ne wa zai share shi kuma ƙarƙashin wane kwaɗo. Inda ake neman gurbi daga jerin da ba ya riƙe da shi, a yi amfani da kref_get_unless_zero. Masu sayo wa jami'a wayoyi da allunan hannu kuma su riƙa tambayar dillali shekara nawa kamfanin zai ci gaba da turo gyaran tsaro, a rubuta amsar cikin takardar kwangila.

 Shugaban taro, a buɗe fagen tambayoyi.