Malamin Turancin Kasuwanci a Ƙasar Waje



A Frankfurt ko Tokyo, akwai malamin da ajinsa ɗakin taron kamfani ne, ɗalibansa kuma manajoji da injiniyoyi. Wasu ma sun haife shi. Da sassafe yake zuwa, kafin a fara aiki. Ba nahawu ya dame su ba. Wannan yana son rubuta imel na neman biyan bashi ba tare da ɓata ciniki ba, wancan gobe zai yi tayin farashi da Baʼamurke ta waya. Dole malamin ya san kan kasuwanci, in ba haka ba sati guda ya isa a gane shi.

Takardar shaidar koyarwa da aka fi tambayar irin wannan malami ita ce CELTA ta Cambridge, wadda ake iya kammalawa cikin mako huɗu zuwa biyar. Malamai da yawa kuma ba su da albashin wata, awa ake biyansu.

Abin da ke ci mini rai shi ne fasfo. Alal misali, Koriya ta Kudu galibi 'yan ƙasashe bakwai take ba bizar E-2 ta koyar da Turanci: Amurka, Kanada, Birtaniya, Ayalan, Ostareliya, Niyuzilan da Afirka ta Kudu. Babu Najeriya, babu Gana, alhali da Turanci ake mulki da karatu a cikinsu. Malamin da ya sha wuyar koyon harshen nan ya san inda ɗalibi ke tuntuɓe, amma tun a ofishin jakadanci ake mayar da shi gida.